"Ku Kare Kanku": Aikatau Biyu, Nauyi Ɗaya da Aka Sauke

Turanci yana da aikatau biyu 'yan ɗaki ɗaya: *defend* da *fend*. Na farkon ya shigo ta tsohon Faransanci daga Latin *defendere*, wato ture hari. Tun a tsakiyar zamanai bakin mutanen Ingila ya gutsure gaɓar farko, *fend* ya rage. Daga baya ma'anarsu ta raba gari. *Defend* aikin mai garkuwa ne. Shi kuwa *fend for yourself* maraya ake gaya wa shi: nemi mafita, babu mai tallafa maka. Bahaushe ya riga su taƙaitawa: kowa tasa ta fisshe shi.

Hujjata ita ce, duk sa'ad da mai mulki ya ce wa mutanen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa su kare kansu, na farkon yake furtawa, na biyun yake nufi.

A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Watanni biyu bayan haka, da aka sace ɗaliban Kagara a Jihar Neja, Ministan Tsaro Bashir Magashi ya nemi jama'a su daina ragwanta, su tunkari maharan. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya shawarci talakawa su nemi makami. A Satumbar shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan ukun. Wato an ce wa mutum ya tsare gidansa, sannan an toshe masa hanyar kiran agaji.

Za a ce shari'a da doka sun halatta kare kai. Gaskiya ne, sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya yarda da haka. Amma wannan rangwame ne ga wanda aka rutsa da shi, ba tsarin tsaron jiha ba ne. Sashe na 14 ya ɗora tsaro da walwalar jama'a a wuyan gwamnati, a matsayin babban dalilin wanzuwarta. Dokar makamai kuma ba ta bar manomi ya riƙe AK-47 ba, alhali ita maharin yake saɓe da ita. Da me zai kare kan? Da harba-ka-ruga?

Mun kuma ga inda wannan hanya take kaiwa. 'Yan sa-kai da babu mai tsawata musu sun kashe Fulanin da ba su ji ba, ba su gani ba, ramuwar gayya ta faɗa kan ƙauyuka, wuta ta ƙara ruruwa.

Rundunar sa ido ta al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 ta fi kusa da *defend*, domin gwamnati ce ke horarwa, ke biyan albashi, kuma ita za a tuhuma idan an yi ɓarna. Ma'aunin ke nan: wa ke ɗaukar alhaki?

Don haka ku 'yan jarida, lauyoyi da masu fassara, idan wani jami'i ya sake cewa "ku kare kanku", ku tambaye shi: da wane makami, bisa wace doka, kuma idan an kira, wa zai zo? Idan ya rasa amsa, ku fassara maganarsa yadda take: mun zame, kowa tasa ta fisshe shi.