Wasiƙa zuwa ga makaɗan garaya da gurmi na ƙasar Damargu

Zuwa ga makaɗan garaya, gurmi da molo na Ollelewa, Tanut, Gangara, Tarka da Belbeji, manyanku da 'yan koyo. Mai wannan wasiƙa yana tafe da labarin wasu abokan sana'arku na nesa, da kuma roƙo guda.

A ƙarni na 17 da na 18 fadojin Turai sun yi yayin wani molo mai faɗin ciki, dangin udu na Larabawa. Babban gwaninsa shi ne Sylvius Leopold Weiss, makaɗin fadar Dresden a Jamus, wanda ya rasu a 1750. Molonsa na da jerin tsarkiya 13, galibinsu bibbiyu. Bayan wasu shekaru da binne shi kiɗan ya mutu murus, aka daɗe ba mai koyo ba mai koyarwa. Da Arnold Dolmetsch ya tashi farfaɗo da shi a Ingila a ƙarshen ƙarni na 19, da kuma lokacin da Diana Poulton da abokanta suka kafa ƙungiyar masu wannan molo a 1956, babu tsoho ko ɗaya da za a durƙusa a gaishe shi a tambaya. Sai takardu, da tsofaffin zane-zane, da ragowar molayen da ke gidajen tarihi. Kundin kiɗan Weiss guda yana London, wani yana Dresden, an rubuta wace tsarkiya za a danna a wane gurbi. Akwai littafin Thomas Mace na 1676, wanda har ya ba da shawarar a riƙa ɓoye molo cikin shimfiɗar gado saboda raɓa. Duk da haka har gobe masu sha'awar kiɗan suna musu kan kaurin tsarkiya, da inda ɗan ƙaramin yatsa yake zama, da saurin da ake kaɗa wani taken, domin babu wanda ya taɓa jin Weiss da kunnensa.

Damargu tana da abin da waɗannan mutane suka rasa. Hannun yana nan da rai, kunnen ma haka. Takardar ce babu.

A watan Janairu na 1851 Heinrich Barth ya ratsa Damargu, a Taghelel ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson. Wanda ya buɗe littafinsa zai ga sunayen garuruwa da labarin hatsi da ayarin raƙuma, amma ba zai ji taken ko maharbi ɗaya ba. Masu bincike na baya sun fi kusantar sana'ar. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, Veit Erlmann ya yi aiki kan kiɗan bori a ƙasar Maraɗi, Fremont Besmer kuma a Kano. Aiki ne mai kyau, sai dai na wasu garuruwa ne. Idan ɗan makaranta ya zo da littafi ya ce ba haka ake kiran wani take ba, kada tsohon makaɗin Ollelewa ya ji kunya ya sauya bakinsa. A rubuta yadda ake faɗa a nan, a ajiye shi kusa da na littafin.

Me za a adana? Farko dai kayan kiɗan kansa. A dubi gurmi a hannun mai shi: rabin duma ne aka rufe da fata, sanda ta ratsa ta ciki, aka ɗaure tsarkiya a jikin sandar da tsinken fata. Idan murya ta sauka, makaɗi ya tura ɗaurin sama kaɗan da babban yatsa, ya taɓa, ya saurara, ya ƙara turawa. Da damina fatar takan saki, sai a kara ta kusa da garwashi har ta ɗame. Babu littafin da zai koya wa yaro iyakar inda ake tsayawa. Shi ya sa duk wanda zai ɗauki tsoho a salula, ya fara ɗauka tun daga wannan gyaran murya, kafin a shiga waƙa, kuma a nuna yatsunsa sosai.

Sai batun tsarkiya. Yau zaren roba irin na masunta ya kori na gargajiya a wurare da yawa, kuma ba laifi, ya fi ƙarko da araha. Ɗanmaraya Jos da gwangwanin kifi aka yi cikin kuntiginsa, bai hana shi zagaya duniya ba har rasuwarsa a 2015. Amma a tambayi dattawa da me ake murɗa tsarkiya a da, gashin wutsiyar doki ko fata, da fatar dabbar da ake rufe garaya da ita, da icen da ake sassaƙawa. Tsohuwar garaya da ta fashe kada a ba yara su yi wasa da ita. A auna tsawonta, a rataye ta a ɗaki.

Abu mafi nauyi shi ne salsala. Garaya kiɗan maharba ce kafin ta zama ta 'yan bori, gurmi kuma ya saba da filin kokowa, Haruna Uji na Haɗeja ya kai shi gidajen rediyo. Kowane take da mai shi. Kafin a kaɗa, makaɗi ya faɗi sunansa da garinsa da shekarar da ake ciki, ya faɗi wanda ya koya masa, da wanda ya koya wa wancan, da wanda aka yi wa taken. Minti ɗaya ya isa. Katin memori cike da kiɗa ba suna ba gari, bayan shekara ashirin ba wanda zai san kansa. Farin 1973 da na 1984 sun watsa gidaje da yawa na Damargu zuwa Damagaram da Kano, kuma irin wannan ƙaura ce ke tsinke salsala.

Akwai misali daga jihar nan tamu. Malam Mamman Barka, haifaffen Tesker, malamin makaranta ne kuma makaɗin gurmi. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi bakin tafkin Chadi wurin Bukar Tar, tsohon da ya rage yana kaɗa biram, kayan kiɗan masuntan Buduma mai tsarkiya biyar. Ya zauna ya koya a hannunsa, ya fitar da faifai a 2009, ya rasu a 2018. Da ya yi jinkiri kaɗan, da biram ta bi hanyar molon Weiss, kuma ita ba ta da kundi a London.

Wannan ba kira ba ne a daskarar da kiɗa. Weiss kansa ya yi suna ne wajen ƙirƙirar kiɗa nan take a gaban jama'a. Yaro ya ƙara nasa salon, amma ya iya na malaminsa tukuna, ya kuma san wanne ne wanne.

A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya mai ajiyar kayan kiɗan gargajiya, akwai kuma CELHTO da ke tattara tarihin baka. Kwafi ɗaya na abin da aka ɗauka ya tafi can, ɗaya ya zauna a gidan makaɗin, ɗaya a wurin mai gari. Roƙon shi ne a fara da wanda ya fi kowa tsufa a cikinku, a kakar bana, kafin matasa su watse cin rani. Wassalam.