Gida mai ƙofa ɗaya

A watan Janairun 2008, a birnin San Faransisko na Amurka, Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple na wancan zamani, ya hau dandamali gaban dubban jama'a, ya ɗauko ambulan ta takarda irin wadda ake aika wasiƙun ofis a ciki. Ya warware zaren bakinta, ya zaro kwamfuta. Zauren ya kaure da tafi. Sunanta MacBook Air, nauyinta giram 1360, kaurinta bai cika santimita 2 ba ko a inda ta fi kauri. Abin da masu tafi ba su tsaya ƙirgawa ba shi ne kayan da aka zubar kafin ta yarda ta shiga ambulan: babu wurin sa faifan CD, babu kafar da igiyar intanet ke shiga, kafar USB kuwa ƙwaya ɗaya tal.

Shekara bakwai bayan haka, a 2015, kamfanin ya ƙara matse wuya. Ya fito da wata MacBook mai giram 920, wadda in aka cire ramin abin sauraro na kunne, kafa ɗaya ce kacal a jikinta, sabuwar nan da ake kira USB-C. Ta nan wuta ke shiga, ta nan hoto ke fita, ta nan ake shigo da rubutu. Wanda ke son ya yi caji kuma ya jona wani abu a lokaci guda, sai ya sayi adafta daga kamfanin a kan dalar Amurka 79, wato sama da jaka 45 na sefa a canjin waccan shekara. Sauran kamfanoni suka yi ta ba'a, daga baya kuma suka bi sahu. A 2022 Dell ya fitar da XPS 13 Plus da kafa biyu, ya toshe har ramin abin sauraron.

Tun daga nan gardama ba ta kwanta ba tsakanin masu son sauƙin ɗauka da masu son yawan kafofi. Gardamar ta daɗe da tsallako teku. Ta iso ɗakin malamai na kowace lise, ta iso taron kowace ƙungiyar raya al'adu da ta samu ɗan tallafi ta zauna shawarar irin kwamfutar tafi-da-gidanka da za ta saya. Abin takaici, sau da yawa ido ne ke yanke hukunci a irin wannan zama. Wanda ya taɓa zuwa taro a Yamai ko a Faris ya ga manyan baƙi suna buɗe wata ƴar siririya mai ƙyalli, shi ne zai dage sai irinta, a kuma bi shi don kada a ce ƙungiya ƙauyanci take yi.

Adalci ya wajaba, domin hujjar masu kare siririya ba ta banza ba ce. Sufeton makarantu da ke hawa babur daga Dakwaro zuwa ƙauyuka cikin rairayi, da jaka rataye a kafaɗa wuni guda, ya san bambancin kilo ɗaya da kilo biyu da rabi fiye da kowa. Batir ma abin dubawa ne. MacBook Air ta ƙarshen 2020, mai kafa biyu, ba ta da fanka a cikinta, saboda haka ba ta zuƙar ƙura kamar tsofaffi, kuma kamfanin ya yi alkawarin batirinta zai iya kai awa 18. Duk wanda ya rayu a Maraɗi ko Damagaram a watannin da suka biyo bayan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, ba ya bukatar a yi masa wa'azi kan darajar batir mai daɗewa. Suna da wata hujjar kuma, ta tarihi: a 1998 Apple ya fitar da iMac babu wurin sa disket, aka yi ta ihu, yau ga shi ba mai kewar disket. Don haka, in ji su, a yi haƙuri, duniya za ta biyo baya.

A nan gizo ke saƙar. Wace duniya ce za ta biyo baya, kuma cikin shekara nawa? Injiniyan da ya zana kwamfuta mai kafa ɗaya a Kalifoniya yana da wani mutum a zuciyarsa: mutumin da wifi ke jiransa a gida da ofis da jirgin sama, wanda takardunsa ke ajiye a rumbun kamfani ta intanet, abin da suke kira gajimare, wanda injin buga takardarsa da majiginsa duk suke jin magana ba tare da igiya ba, wanda kuma in adafta ta ɓace masa da safe za a kawo masa wata har ƙofar gida kafin la'asar. Ga wannan mutum, kafofin nan ramuka ne na banza da ke ɓata kyan jiki. An zana masa kayansa daidai da shi, ba laifi. Laifin yana wurin wanda ya san ba haka rayuwarsa take ba, amma ya ɗauki rigar wani ya ce dole ta yi masa.

Mai karatu ya dubi ranar malami guda a wata makarantar sakandare ta Tawa ko Tasawa. Majigin makaranta ɗaya ne, ana karɓarsa da sa hannu a ofishin darekta. In tsoho ne, igiyarsa VGA ce, mai shuɗin kai da fil 15, ƙirar da IBM ya fito da ita tun 1987. In sabo ne, HDMI. Abokin aiki ya miƙo masa tambayoyin jarrabawa a cikin ƴar ma'ajiyar nan da kowa ke kira kile, bakinta irin tsohuwar USB mai faɗi. Mai shagon buga takardu na bakin kasuwa ba abin da yake karɓa sai kile. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya shiga jikin siririya sai da ɗan tsakani. Ranar da aka manta ɗan tsakanin nan a gida, ko wani ya are shi bai maido ba, ko zafin watan Afrilu ya kashe shi, ɗalibai 70 za su zauna suna kallon farin bango, malam yana juya kwamfutar da kuɗinta ya kai albashinsa na watanni yana neman ramin da babu shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba kowane gari ne za a fita a samo adaftar USB-C ta kirki kafin a buga ƙararrawa ba.

Batun nauyin ma akwai ƴar yaudara a ciki. Giram ɗin da ake rubutawa a takardar talla na kwamfutar ne ita kaɗai, tsirara. Sai a ɗora jakar malamin a sikeli bayan ya zuba adaftar majigi, da ta kile, da ta kati, da ta igiyar intanet, sannan a faɗi abin da aka rage. Kamfani ya cire kafofin daga jikin kayansa, inda suke a kafe ba sa ɓacewa, ya mayar da su tarkace a aljihun mai saye, ya kuma karɓi kuɗinsu daban.

Lamarin ya fi tsanani ga ƙungiyoyin al'adu, domin su aikinsu gaba ɗaya shigo da abu ne daga waje zuwa ciki. Ƙungiyar da ta tura matasa ƙauye su ɗauko tatsuniyoyi daga bakin tsofaffin mata, ko kirarin mafarauta, ko tarihin sarautar wani gari, za su komo da katin SD cike a cikin kyamara ko rakoda. Wadda ta gaji kwali na kaset-kaset na Ɗan Gurmu ko Ɗanƙwairo, zarensu yana ruɓewa shekara bayan shekara, ba ta da hanyar ceto su sai ta jona rediyon kaset da kwamfuta ta igiya. Irin aikin da cibiyar CELHTO ta Yamai ta sa gaba tun 1968, na tattara abin da ke bakin mutane kafin ya bi su kabari, yau ƙananan ƙungiyoyi na iya yin nasu gwargwado da kuɗi kaɗan, muddin na'urarsu tana da ƙofar karɓar baƙi. Idan aka ce su tura komi gajimare, sai a tambayi wanda ya faɗa ko ya taɓa gwada tura bidiyon awa guda da megar da ake saye a salula. Bayan wannan ma, muryar tsohuwar da ta riga ta rasu ba abin da za a ba kamfanin wata nahiya ajiya a kan kuɗin haya na wata-wata ba ne, ba tare da an riƙe kwafi biyu ko uku a hannu ba. Kwafin hannu kuwa ta kafa yake fita.

Neman siranta ba a kafofi kaɗai ya tsaya ba. Don a rage milimita, Apple ya ƙirƙiro wa MacBook ta 2015 sabbin madannai masu wani tsari da ya sa wa sunan malam-buɗe-littafi, saboda yadda fikafikansa ke motsi a ƙarƙashin kowane harafi. Sunan ya yi daɗi a kunnen malamai, aikin ne bai yi ba. Ƙwayar ƙura ɗaya in ta shige ƙarƙashin harafi, sai ya ƙi bugawa ko ya buga sau biyu. Wannan a ofisoshin Amurka ke nan masu tagogi a rufe. Sai a ƙiyasta abin da hazon hunturu zai yi masa a Gure ko Tanut, da kuma abin da zai faru da rubutun Hausa, inda harafi ɗaya da ya ninka kansa ke mayar da baba babba. Kamfanin ya watsar da tsarin tsakanin 2019 da 2020, kuma a 2022 ya amince ya biya dalar Amurka miliyan 50 don a kashe ƙarar da masu saye suka kai shi. Haka nan, a yawancin siraran nan an liƙe ƙwaƙwalwar aiki da dalma a jikin uwar allo, a wasu har da ma'ajiyar. Mai gyara na kasuwar Maraɗi, wanda zai iya ƙara wa tsohuwar ThinkPad ƙwaƙwalwa ya sauya mata batir kafin shayi ya nuna, in aka kawo masa irin wannan sai ya maido da ita yana ba da haƙuri.

Hujja mafi ƙarfi a kan masu toshe kafofi ta fito ne daga hannunsu. An daina ƙera MacBook mai kafa ɗaya a 2019. A watan Oktoban 2021 Apple ya maido wa MacBook Pro da HDMI, da ramin katin SD, da cajar maganaɗisu, wato abubuwan da ya cire a 2016 yana kiran cirewar ci gaba. Sai dai tubar kamfani ba ta narkar da miliyoyin da ya riga ya sayar ba. Waɗanda Turai da Amurka suka gaji da su, su ne ke gangarowa kasuwannin gwanjo na Afirka ta Yamma da farashi mai jan rai, jikinsu sumul, kyan ɗan maciji. Malamin da ya tara kuɗin adashi na shekara shi ne zai gaji kuskuren da mai shi ya riga ya janye.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa dole sai an zaɓi ɗaya, ko sauƙi ko kafofi. A Japan, inda ma'aikata ke yini da kwamfuta a jaka cikin jirgin ƙasa amma ofisoshinsu ba su rabu da tsofaffin igiyoyi ba, kamfanin Fujitsu ya fitar da Lifebook UH-X a 2020 da nauyin da bai kai giram 700 ba, ta fi waccan MacBook sauƙi nesa, amma tana da tsohuwar USB da sabuwa, da HDMI, da ramin kati, har da kafar igiyar intanet. Abin da ta sadaukar shi ne girman batir. ThinkPad X1 Carbon ta Lenovo, mai kilo ɗaya da ƴan kai, ba ta zubar da HDMI da tsohuwar USB ba. Wani ƙaramin kamfanin Amurka mai suna Framework ya fito a 2021 da kwamfutar da mai ita ke zaɓar kafofinta huɗu da kansa, ya zare wannan ya sa waccan. Ke nan toshe kafa zaɓi ne na masu zane da masu talla, sun fifita kyan gefen kwamfuta a hoto a kan aikin da gefen yake yi.

Ita USB-C ɗin ba abokiyar gaba ba ce. Tana shiga ta kowace fuska, tana jure yawan sawa da cirewa fiye da tsohuwa, kuma dokar Tarayyar Turai ta 2022, wadda ta tilasta ta a matsayin kafar caji ga wayoyi daga ƙarshen 2024 da kwamfutocin tafi-da-gidanka daga Afrilun 2026, za ta rage wa kowa tarin cajoji, har da waɗanda kayan ke isowa gare su a hannu na biyu. Amma tana da nata makirci. Kafa biyu masu kama ɗaya sak, wata tana fitar da hoto zuwa majigi, wata ba ta yi. Igiya biyu masu kama ɗaya, wata tana ɗaukar komi, wata sai wuta da ɗan abin da ba a rasa ba. Ido ba ya rarrabe su, mai shago ma sau da yawa bai sani ba. Idan kuma ita kaɗai ce a jikin na'ura, ranar da ta saki, wuta da hoto da rubutu duk sun tsaya tare.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, saboda haka mutumin da ya sa kuɗinsa ya sayi siririya don kansa, yana sane, ba mai tuhumarsa. Maganar ta kuɗin jama'a ce: na ƙungiya, na iyayen ɗalibai, na tallafin da ba zai sake zuwa ba sai bayan shekara biyar. Kwamitin da aka ɗora wa saye ya tafi shago da igiyar majigin makarantar, da kilen sakatare, da katin rakodar ƙungiya, a jona kowanne a gaban mai shago kafin a ƙirga masa ko dala. A tambayi ko batir na fita, ko ma'ajiya na sauyuwa. Faransa ma tun Janairun 2021 ta wajabta a manna wa kowace sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka maki bisa 10 na sauƙin gyara, kuma ana iya duba makin kafin a saya. In kuwa an riga an saya, ko kyauta ce aka bayar ba yadda za a yi, to a sayi adafta biyu, a rubuta su cikin littafin kayan makaranta, a ɗaure ɗaya da igiya a jikin majigin kamar yadda ake ɗaure moɗa a bakin randa.