Dokin Ƙarfe da Hakkinsa: Shawara ga Iyaye da Matasan Zango

'Yan'uwa, wata ɗabi'a ta shigo zangunanmu na arewacin Gana a 'yan shekarun nan, wadda ya kamata mu tsaya mu dube ta da idon basira. Yaro da zarar ya fara tasawa sai ya tayar wa iyayensa rigimar babur, yana ganin hawan keke zubar da girma ne. Iyaye kuma, don gudun kada a ce ɗansu ya kasa tsara, sai su ci bashi ko su kwashe adashi su saya masa. Ra'ayina, bayan shekara fiye da talatin ina kai takardun gayyata da saƙonnin dattawa a kan keke, shi ne wannan gaggawa ba ta da alheri ga yaron, ba ta da shi ga aljihun gidan. Keke ya isa yawancin zirga-zirgarmu ta cikin gari, muddin an ba shi hakkinsa.

Mu tuna cewa kakanninmu fatake da ƙafa suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga neman goro, jakuna na gaba suna biye, tafiyar watanni. Keken da muka sani yau, mai ƙafa biyu daidai da juna da sarƙa mai juya ta baya, a birnin Coventry na Ingila aka fito da shi a 1885, sannan a 1888 Dunlop ya ƙera masa taya mai iska. Da Raleigh ta Ingila da Phoenix ta Sin suka iso ƙasar nan, malami da tela da mahauci duk sun ɗauke su abin alfahari, har ana yi musu ado kamar doki. Tamale kuwa Allah Ya yi ta shimfiɗaɗɗiya, babu tuddai masu karya gwiwa, kuma an ware wa masu keke hanyarsu a gefen wasu manyan titunanta, abin da garuruwa da yawa ba su samu ba.

A yi lissafi. Mai tafiya a ƙasa yana cin kusan kilomita 5 a awa, mai keke kuwa yana cin 15 ba tare da ya jigata ba. Daga Tamale zuwa Savelugu, wajen kilomita 25, bai kai awa biyu ba. Keke ba ya shan fetur, gyaransa kuma ba ya wuce abin da ɗan makaranta zai iya tarawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma wanda ke zuwa kasuwar Aboabo ko wurin aiki a keke ya cika wannan ba tare da ya ware masa lokaci ba.

Na san za a ce babur ma da ranarsa. Gaskiya ne. Wanda zai je Yendi, tafiyar kusan kilomita 100, ya dawo a yini guda, ko wanda zai garzaya da marar lafiya asibiti cikin dare, keke ba zai fisshe shi ba. Za a kuma ce mai keke ba shi da kariya a tsakanin motoci da masu ƙafa uku da suka cika titi. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ya sa sauran maganata ta koma kan yadda ake hawa da yadda ake kulawa.

Farko dai, keke ya dace da mai shi. Ka zauna a sirdi, ka ɗora dunduniyarka a kan feda tana can ƙasa. Idan ƙafarka ta miƙe sosai, tsayin ya yi. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke jawo ciwon gwiwa da gajiyar da ake ɗora wa keke laifinta. Kada kuma a saya wa ƙaramin yaro babban keke mai taya inci 28 da sunan zai girma ya same shi, domin wanda ba ya iya dire ƙafa a ƙasa ba ya iya tsayawa a lokacin da tsayawa ta zama dole.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka fita, matsa tayoyin nan biyu da babban yatsa. Taya mai ƙarancin iska tana sa tuƙi nauyi, kuma idan ta faɗa rami sai bakin ƙarfen ya tsinke robar ciki a wuri biyu, ka ga an koma wurin mai faci. Adadin iskar da ta dace a rubuce yake a jikin tayar. Sai ka kama burki ka tura keken gaba ka ga ko ya riƙe. Robar burki da ta cinye, sauya ta ya fi arha a kan ɗinkin goshi. Ka sani kuma burkin gaba shi ya fi ƙarfin tsayarwa, amma idan aka finciko shi shi kaɗai a guje yana iya wuntsila mutum. A kama su tare, a hankali, a ja jiki baya. A kan yashi ko tsakuwa, a fi dogara da na baya.

Sarƙa kuwa, ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabarta. Mutane da yawa sukan kwarara mata baƙin mai har ya riƙa ɗiga, su ɗauka gata suka yi mata, alhali man nan yana kama yashi, su haɗu su riƙa cin haƙoran ƙarfe kamar dutsen niƙa. A wanke ta da kananzir, a bari ta bushe, a ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa, sannan a goge na waje da tsumma. Da damina kuma a tuna cewa jiƙaƙƙen ƙarfe ba ya jin burki da wuri, don haka a fara kamawa tun da nisa, kuma kada a faɗa cikin kududdufin da ba a san zurfinsa ba.

A kan titi, tun 1974 ƙasar nan ta koma bin hannun dama, kuma wannan ya hau kan mai keke kamar yadda ya hau kan mai mota. Bin hannun da ba naka ba don taƙaita hanya kasada ce, domin direban da zai fito daga lungu ba ya duba inda bai zaci kowa ba. Ka miƙa hannu kafin ka juya, ka waiwaya kafin ka kauce wa rami. Kada ka raɓi motar da ke tsaye, don ana iya buɗe ƙofa a fuskarka. Abin da na fi jin tsoro shi ne manyan motocin da ke bin hanyar Bolga: kada ka taɓa kutsawa tsakanin irinsu da bakin titi a kusa da kwana, domin direban ba ya ganinka, kuma ƙafafun baya sukan yanke kwana fiye da na gaba. Ka tsaya ta wuce. Sannu ba ta hana zuwa.

Dare yana da nasa sharaɗi. Fitila fara a gaba, ja a baya, da tufafi masu haske. Mai keke yana ganin fitilar mota daga nesa sai ya zaci shi ma ana ganinsa, alhali a wurin direba inuwa ce kawai. Masu babbar riga su tattare ta, a ɗaure bakin wando na dama, mata kuma su kula da gefen mayafi kada ya shiga wayoyin ƙafa. Hular kwano ba ta masu babur kaɗai ba ce. Kaya a ɗaure su a kariya da roba, nauyi ya daidaita hagu da dama, kada a rataya leda mai nauyi a kan keken inda ake riƙewa. Idan an goyi yaro, a tabbata ƙafafunsa suna da wurin takawa nesa da wayoyi, domin yara da yawa sun ji rauni a dunduniya ta wannan hanya. A watan Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ke kusantar digiri 40, a yi doguwar tafiya da sassafe ko bayan la'asar, da gorar ruwa. Ƙaramin famfo da sifana da kayan faci kuma kada su rabu da jakarka.

Kirana ga iyaye shi ne su bar yaro ya yi shekaru yana koyon titi a kan keke, inda gudunsa kaɗan ne kuma kuskurensa mai gyaruwa ne, kafin a miƙa masa injin da ya fi ƙarfin hankalinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu unguwanni da malaman makarantunmu su riƙa gayyato masu gyaran keke na zango, ko sau ɗaya a zangon karatu, su duba kekunan yara su nuna musu faci da ɗaure burki. Mu manya kuma mu ci gaba da hawa a gabansu, domin abin da yaro ya ga babba yana yi ba ya jin kunyarsa. Allah Ya kiyaye hanya.