Kwaɗin Ruma da ruwan da muke sha

A tsaunukan da ke kan iyakar Togo da Ghana akwai wani kwaɗo mai santsin jiki da ba ya rayuwa sai a ƙoramu masu sanyi da gudu. Masana sun shafe shekaru ba su gan shi ba, har aka fara zaton ya ƙare, sai a 2005 aka sake gano shi. Ɗan'uwansa na Kamaru, wanda ake kira Goliyat, shi ne kwaɗo mafi girma a duniya, yakan haura kilo 3, shi ma yana cikin jerin halittun da ke fuskantar ɓacewa. Farauta da sare daji da gurɓata ruwa ne suka kai su ga haka. A 2023 wani babban binciken duniya ya nuna kashi 41 cikin 100 na jinsin kwaɗi da danginsu suna cikin wannan haɗari.

Mai karatu a Batsari ko Safana zai ce ina ruwansa da kwaɗon Togo, alhali ba ya kwana da ido biyu rufe saboda 'yan bindiga. Yana da gaskiya, kuma ba na raina wannan tambaya. Amma mu ma muna da duwatsu a ƙasar Ruma, muna da rafuffuka da fadamu a bakin dajin Rugu, wajen Runka da Wagini, kuma abin da ya cinye kwaɗin tsaunukan can yana aiki a nan, ba dare ba rana.

Kwaɗo da fatarsa yake shan ruwa, da ita ma yake wani ɓangare na numfashinsa. Ƙwansa ba shi da ɓawo, a cikin ruwa ake zuba shi tsirara. Saboda haka duk abin da aka zuba a rafi, shi yake fara samu kafin saniya, kafin yaron da aka aika ɗebo ruwa. Yanzu dubi yadda noma ya koma. Maganin kashe ciyawa ya maye gurbin fartanya a gonaki da yawa, ba na kuma zargin manomi, domin leburan noma sun yi tsada, zaman gona na tsawon yini kuma ya zama kasada. Abin da ke ci mini rai shi ne wanda zai gama feshi ya gangara rafi ya wanke injinsa, ya jefar da robar maganin a nan. Ƙasa kaɗan da shi mata na wanki, makiyayi na shayar da dabba. Idan kwaɗi suka yi shiru a fadamar da aka saba jin kukansu bayan ruwan farko, to ruwan nan ya kamata a bincika.

Sai gawayi. Kowace bishiyar da aka sare a gaɓar rafi, inuwa ce ta tafi, ruwan ya riƙa ƙafewa da wuri, 'ya'yan kwaɗi su mutu a taɓo kafin ƙafafunsu su fito. Masu ɗiban yashi su ƙarasa sauran.

Akwai kuma fatauci, wanda mutanenmu da yawa ba su san girmansa ba tunda ba cimarmu ba ce. Ana kama buɗuɗɗugi a Arewa da ƙasashen maƙwabta, a busar, a loda a buhu zuwa kasuwannin Kudu. Wani bincike da aka buga a 2010 ya ƙiyasta cewa 'yan kasuwa 32 kacal suna hada-hadar kwaɗi kusan miliyan 2.7 a shekara. Kowane ɗaya cikin kwaɗin nan kuwa ma'aikacin gona ne da ba a biyansa, dare ya yi ya fito ya ci fara da tsutsa da sauran ƙwari. Raguwarsu na nufin ƙarin kuɗin maganin ƙwari daga aljihun mai rogo da mai gero.

Addini ma bai bar mu a duhu ba. Ya zo a hadisin da Abu Dawud ya ruwaito cewa wani mai magani ya nemi izinin sa kwaɗo a haɗinsa, Manzon Allah (SAW) ya hana kashe shi. Ina roƙon limamanmu su ɗauko wannan a huɗuba farkon damina, su haɗa da hukuncin ɓata ruwan da jama'a ke sha.

Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tana maƙwabtaka da Safana, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana Katsina. Su ma suna da aikin bincike a nan, kuma ba sai an shiga tsakiyar Rugu ba. Ɗalibin nazarin halittu ɗan asalin yankin zai iya naɗar kukan kwaɗi da wayarsa a fadamar bayan garinsu, damina bayan damina, a tara a san wane iri ne ke nan, wane ne ke raguwa. Dattawa su faɗa masa irin da suka sani da, da inda suke ganinsu.

Masu girma hakimanmu, Sarkin Ruma da Yariman Katsina kuma, Allah ya ja zamaninku, umarni ɗaya ga dagatai da masu unguwanni zai yi aiki kafin damina mai zuwa: kada a wanke injin feshi a rafi ko tafki, a haƙa rami nesa da ruwa a zuba a ciki, kada kuma a sare bishiyar da ke gaɓa.