Tela Ya Riƙi Tef Kafin Ya Ɗauki Almakashi

Telolin Arewa da ke neman abinci a Sabon Ibadan da Agege da Idi-Araba sun yi suna wajen ɗinkin babbar riga da kaftani, kuma yawancinsu ba su taɓa bukatar takarda ba. Amma akwai wani aiki da ke shigo musu yanzu, watau mace ta zo da tsohuwar takardar samfurin ɗinki ta Turawa wadda ta gada wurin uwarta ko kakarta, ta ce a ɗinka mata irinta daidai jikinta. A nan ne ake ɓarnar yadi mai tsada, a nan ne kuma sunan tela kan zube.

Abu na farko da ya kamata tela ya sani shi ne lambar da ke jikin ambulan ba abin dogara ba ce. Tun 1863 da Ebenezer Butterick ya fara sayar da irin wannan takarda a Amurka, mai girma daban-daban, kamfanoni suka yi ta sauya ma'auninsu. Lamba 14 ta shekarun 1940 ƙirjinta inci 32 ne. Daga 1956 ta koma inci 34, sa'an nan a 1968 manyan kamfanoni irin su Simplicity da McCall's suka sake sabon ma'auni, ta zama inci 36. To, matar da ta ce ita lamba 14 take sawa, telan kuwa ya yarda ya yanka, ai ya yanka wa wata ne dabam. Sai a sa tef a auna matar, a kuma auna takardar kanta, a cire bakin ɗinki, wanda galibi kashi 5 cikin 8 na inci ne.

Wasu sukan kai takardar shagon fotokwafi su ce a ƙara mata girma gaba ɗaya. Wannan kuskure ne, domin jikin ɗan Adam ba haka yake ƙaruwa ba. Wadda ƙirjinta ya ƙaru da inci 4, wuyanta da tsawonta ba su ƙaru haka ba. Injin kuwa ba ruwansa, kome zai buɗa, sai a ga wuya ya yi zururu, kafaɗa ta zubo.

Hanyar da masu sana'ar suka sani ita ce a tsaga a buɗa. Takardar gaba rabin gaba ce, ta baya ma rabin baya ce, saboda haka in ana son ƙarin inci 4, sai a raba huɗu, kowace ta sami inci 1. Shi ma incin ba a zuba shi wuri guda. A tsaga takardar daga sama zuwa ƙasa a wuri uku, a buɗa kwata a wajen wuya, kwata a kafaɗa, rabin inci a ƙarƙashin hammata, a liƙa wata takarda a cike gurbin, a gyara layin ya miƙe. Hannun riga shi ma dole a buɗa shi, in ba haka ba ba zai zauna a raminsa ba.

Har wa yau, ba ainihin takardar ake tsagawa ba. Ita amana ce, kuma ta riga ta tsufa, da an ja ta sai ta kece. A shimfiɗa ta, a goge da dutsen guga mai ɗumi-ɗumi ba tare da ruwa ba, a danne da ƙarfe ko dutse maimakon fil, sa'an nan a kwafe ta. Da yawa daga cikin tsofaffin babu rubutu a jikinsu, 'yan ramuka ne da 'yan tsage-tsage a gefe, kuma su ke nuna tsayin yadi da inda za a haɗa. Wanda ya manta da su ya kwafi rabin aiki.

Game da abin kwafa, takarda shara-shara wadda ake ganin ƙasa ta cikinta ta fi kyau wajen zane. Jarida tana da araha, amma tawadarta kan ɓata farin yadi. Takardar buhun siminti, in an kakkaɓe ta sosai, tana da ƙwari, ta kuma jure ninkewa. Samfurin da za a yi ta maimaitawa kuwa, a mai da shi kan kwali a rataye. Bayan haka a sayi akoko ko alawayyo a ɗinka gwaji, matar ta sa a gani. A kuma lura, tsofaffin takardun sukan ƙidaya yadi mai faɗin inci 35 ko 39, atamfa kuwa ta fi haka faɗi, saboda haka lissafin yadin da ke bayan ambulan sai an sake shi. Rigar da aka tsara don yadi mai laushi ba za ta faɗi daidai ba in an yi ta da shadda mai sitaci.

Wani zai ce duk wannan ɓata lokaci ne, ubansa da ido yake yanka. Gaskiya ne, amma babbar riga tana da yalwar da ke rufa wa tela asiri, rigar da ke bin jiki kuwa ba ta yafe ko rabin inci. Kuɗin yadi biyu na akoko bai kai komai ba in an gwada da biyan leshin da aka sayo a Balogun ko Gbagi. Baƙo kuma in ya yi ɓarna, ba shi kaɗai ake zagi ba, har da 'yan'uwansa.

Ya kamata shugabannin teloli na kowace unguwa su sa iyayen gida su koya wa yaransu wannan lissafi, su kuma ƙayyade ladan kwafa da gwaji dabam da na ɗinki, don kada tela ya ga asara ya tsallake su. Allah ya sa albarka a sana'a.