Mari Ba Magani Ba Ne

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutane fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, waɗansu ɗaure da sarƙa. Da dama iyayensu ne suka kai su, wai don a raba su da ƙwaya ko kangara.

Ba ƙeta ce ta kai iyayen can ba, rashin madafa ne. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, Kware da Maiduguri sun yi wa talakan ƙauye nisa.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1958, amma fa takarda ba ta kwantar da majiyyaci. Wajibi ne gwamnatocin jihohi su buɗe sashen jinyar mashaya a kowane babban asibiti, su kuma horar da ma'aikatansa.