JIRGIN SAMA BA MOTAR TASHA BA CE, BA YA JIRAN KOWA

 Yau sai na fitar da abin da ke cina a rai, wanda zai ji haushi ya ji.

Shekaranjiya a ɗakinmu aka kaure da musu, wai awa nawa ya kamata mutum ya isa filin jirgi kafin lokacin tashi in ƙasar waje zai tafi. Na ce awa uku ne mafi ƙaranci, ɗalibin da bai taɓa fita ba kuwa ya sa huɗu. Sai wani ya tuntsire da dariya, wai ƙauyanci ne, wai "manyan yara" awa ɗaya suke zuwa su wuce. Haba malam! Kai da ko Legas ba ka taɓa zuwa ta sama ba?

Bari in ba ku labarin da ya sa maganar nan take min zafi.

Bara wani abokinmu, ba zan kama suna ba, ya samu sikolashif na digiri na biyu a waje. Yaron nan ya sha wahala. Fasfo, biza, gwajin asibiti, takardu, kusan shekara guda yana zarya. Jirginsa ƙarfe goma na dare daga Abuja. Muka ce masa ya tafi tun ana gobe ya kwana can, ya ce ina, ai akwai walimar bankwana a gida. Ranar tafiya aka ci shinkafa, aka yi addu'o'i, aka yi hotuna, gwaggo ta yi kuka, kawu ya yi nasiha. Ba su bar Kafanchan ba sai wajen ƙarfe uku da rabi. Suka bi ta Kwoi suka faɗa Keffi. Ga shingayen jami'an tsaro, ga taya ta yi faci, sannan suka zo suka afka gosulon Mararaba da Nyanya. Ya shiga filin jirgi tara da kwata. Jirgi na nan a ƙasa bai tashi ba, amma an rufe kanta. Ya yi roƙo, ya yi magiya, ya nuna takardar makaranta, aka ce masa a yi haƙuri. Sai da mahaifinsa ya sayar da buhunan cittar da ya ajiye don jiran farashi kafin aka haɗa kuɗin tara da na sauya tikiti. Kuma saura ƙiris wa'adin rajistar makarantar ya wuce shi.

To wa ya yi ƙauyanci a nan? Wanda ya je da wuri ya zauna yana latsa waya, ko wanda ya tsaya yana hawaye a gaban kanta?

Matsalarmu ita ce tasha ta ɓata mu. Mun saba mota ba ta tashi sai ta cika. In ka makara ka kira ɗan kamasho ka ce "gani nan a kwana", alhali ko wanka ba ka yi ba, kuma a jira ka. Lakcar ƙarfe takwas sai takwas da rabi muke shiga. Taron ƙungiya a ce ƙarfe huɗu, a fara shida. Abin kunyar ma, Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Tun 1927 nan ce mahaɗar layin dogo da ya taso daga Fatakwal, da na Kaduna, da na Jos. Kakanninmu da suka yi aikin reluwe da agogo suke rayuwa, mu jikoki masu digiri mun koma "ai ba za a fara yanzu ba".

Ku fahimci abu ɗaya: lokacin da ke kan tikiti lokacin TASHI ne, ba lokacin zuwa ba. Yawancin kamfanonin jiragen ƙasa da ƙasa suna rufe kantar karɓar kaya awa ɗaya kafin tashi, ƙofar shiga jirgi kuma ana rufe ta kamar minti 15 zuwa 20 kafin lokaci. Ke nan jirgin ƙarfe goma, a wajenka jirgin ƙarfe tara ne. Kuma ba mugunta ba ce. Sai sun lissafa nauyin kaya da na mutane, sun kammala jerin sunayen fasinjoji, ga lokacin tashi da aka ware musu, ga masu sauya jirgi a Addis Ababa ko Alƙahira ko Istanbul ko Doha. Ba za a ɓata wa mutum ɗari biyu tafiya saboda gwaggonka ba ta gama kuka ba.

Yanzu mu ƙirga layukan da ke jiranka a filin jirgin Nnamdi Azikiwe. Tun daga ƙofa za a saka kayanka a na'ura. Akwai kwastam da 'yan NDLEA, in kuma ka ɗauko kayan abinci, masu duba kayan gona su ma suna iya cewa ka buɗe. Sai layin kanta, inda za a auna jaka a duba takardu. Sai imigireshan su buga maka hatimi. Sai binciken tsaro, ka cire bel, ka fito da kwamfuta, ruwa ko turaren da ya wuce mililita 100 a jakar hannu a karɓe. In ƙasar da za ka tana neman katin rigakafin shawara, shi ma sai an gani. Kowane layi yana da nasa lokacin, kuma da daddare jirage da dama kan tashi kusa da juna.

Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya, ɗalibi mai koren fasfo da ke fita karon farko an fi tsare shi da tambaya. Ina takardar shiga makaranta? Wa ke biyan kuɗi? Ina za ka sauka? Ga batun kaya. Galibi kilo 23 ne kowace jaka, mu kuwa sai an cusa gari, acca, citta, daddawa, kuka, yaji, har da manja wanda kamfanoni da yawa ba sa ɗauka. Na'ura ta nuna kilo 29, ka durƙusa a tsakiyar mutane kana kwashe kaya. Mai awa uku zai yi wannan a natse ya miƙa wa ɗan rakiya ragowar. Mai minti goma sai dai ya zubar ko ya biya kuɗin da bai shirya ba.

Na san abin da wasu za su ce. "Ai jiragen nan kullum jinkiri suke yi." Eh, na cikin gida sun saba mana da haka. Amma ko jirgi ya yi jinkiri, sau da yawa kanta a kan lokacinta take rufewa. Kuma wa zai yi caca da karatunsa a kan "wataƙila"? Wani ya ce "na yi rajista ta intanet". Madalla, amma jakarka fa? Bizarka fa, waya ce za ta duba? Sai kuma gwanayen "ina da mutum a ciki". Ɗan uwa, mutuminka zai iya tsallakar da kai layi, amma in kwamfuta ta rufe jirgi, shi ma kallo zai tsaya yi. Masu cewa zaman jira ɓata lokaci ne kuma abincin filin jirgi tsada, na yarda akwai tsada. Ka ci tuwonka kafin ka shiga. Mu da muke yini a layin rajista da layin kiliyarans, zaman awa biyu a kan kujera ne zai gagare mu?

Mu 'yan kudancin Kaduna lissafinmu ma daban ne. Wanda ke Lugbe zai iya yin sakaci ya tsira. Kai kuwa daga Kafanchan, Zonkwa, Kagoro ko Gidan Waya, ko ta Keffi ka bi ko ta Jere da Bwari, ka ware awa huɗu ko fiye, kuma in ka shiga Abuja ba ka iso ba, don filin jirgin yana wajen kilomita 40 daga tsakiyar gari. Hanyoyinmu kuma kowa ya sani, ba na tafiyar dare ba ne. Don haka shawarata a fili take: ka tafi ana gobe. Ka kwana wajen ɗan uwa a Lugbe, Kuje ko Gwagwalada. Walima a yi ta saura kwana uku. Hausawa sun gama magana, ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani tarkon kuma da ya kayar da mutane da yawa: in tikiti ya ce 00:45 ranar Juma'a, to daren Alhamis za ka je filin jirgi, ba daren Juma'a ba. Ka karanta kwanan wata sau uku, ka ba wani ya sake karanta maka. Fasfo, biza da takardun makaranta su zauna a jakar hannu, tare da pawa bank, don ba a yarda a sa shi cikin babbar jaka ba. Ka duba fasfonka ma, ƙasashe da yawa suna so ya kasance da sauran wata shida kafin ya ƙare.

Iyayenmu suna sayar da amfanin gona da dabbobi don mu yi karatu. Rashin adalci ne gumin shekara guda ya tafi a kan minti goma sha biyar saboda muna gudun a ce mana 'yan ƙauye. Ni dai ranar da Allah ya nufe ni da tafiya, ku zo ku gan ni, ni zan taya masu shara buɗe ƙofa. Ku yi dariyarku, ina cikin jirgi.

Wanda ya san yana da aboki ko ƙawa mai shirin fita bana, ya tura masa wannan. Mai ja kuma ga fili nan, ya zo mu yi.

Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya.